Kurakuran masu jiran katin zama na dindindin a Amurka

Ranar da wasiƙar hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, ta iso ɗauke da lambar rasit, mutum yakan ji an sauke masa nauyi. Ya cike fom I-485 na neman katin zama na dindindin, ya biya kuɗi, ga shaida a hannu. To, daga nan ne tuntuɓe yake farawa. Wannan takarda tana nuna cewa sun karɓi buƙatarka ne kawai, ba ta ɗauke da izinin aiki ko na fita ka dawo.

Izinin aiki daban ake nemansa, da fom I-765, kuma ana iya tura shi tare da buƙatar zaman. In ba kana da bizar aiki mai rai irin H-1B ba, kada ka taɓa aiki sai katin izinin aikin ya shigo hannunka. Za ka samu mai ce maka, "Ai takardunka suna hanya, zo ka fara, a hannu zan riƙa biyanka." Wataƙila da zuciya ɗaya ya faɗa, amma kai za a tambaya ba shi ba. Doka tana yafe laifin aiki ba izini ga mijin 'yar ƙasa ko matar ɗan ƙasa, da iyayensa, da 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 21 ba. Yawancin masu nema ta hanyar aiki kuma ana ɗaga musu ƙafa in bai wuce kwana 180 ba. Sauran kuwa, aikin zai iya rusa buƙatar baki ɗaya. In har ya riga ya faru, kada ka ɓoye a fom, domin ƙaryar ta fi laifin nauyi. Ka gaya wa lauya komai. Katin izinin aikin yana da wa'adi, ana iya neman sabuntawa tun saura kwana 180 ya ƙare.

Akwai ɗan akwati a fom I-9 da ake cikewa ranar fara aiki, wanda ke cewa kai ɗan ƙasar Amurka ne. Wasu cikin gaggawa suke sa masa alama. Tun dokar 1996, yin iƙirarin zama ɗan ƙasa na ƙarya yana iya haramta wa mutum katin zaman har abada. Ka karanta layi-layi kafin ka sa hannu.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne na tafiya. Waya ta yi ƙara da asuba, an ce jikin mahaifiya ya yi tsanani. Wa zai tsaya tunanin fom a wannan hali? Mutum ya sayi tikiti ya tashi, bai san cewa fita ba tare da takardar izinin tafiya ba ana ɗaukarsa a matsayin watsi da buƙatar, sai ga masu wasu bizoji irin H-1B da L-1. Shi ya sa nake cewa a nemi wannan izini, fom I-131, tun ranar farko, ko babu niyyar zuwa ko'ina. In abin ya zo kwatsam, a kira hukumar a nemi ganawar gaggawa, a riƙe takardar likita. Ko da izinin a hannu, jami'in filin jirgi ne ke yanke hukuncin shigowa, don haka wanda ya taɓa wuce wa'adin bizarsa ya ga lauya kafin ya fita.

Sai canjin gida. Doka ta ba ka kwana 10 ka sanar da USCIS sabon adireshi, ta intanet ko da fom AR-11. Sanar da gidan waya kaɗai bai wadatar ba. Wasiƙar kiran ɗaukar zanen yatsu ko ta neman ƙarin hujja za ta je tsohon gida, wa'adi ya wuce, a rufe fayil kana zaune kana jira.