Darasi na Tara: Yadda Ake Haɗa Sakamakon Tambayoyi Biyu a Rumbun Bayanai

Sau da yawa bayanan da ake bukata ba sa zama a jadawali ɗaya. Ƙungiyar manoma, alal misali, tana iya ajiye sunayen waɗanda suka karɓi taki da damina a jadawali guda, na noman rani kuma a wani dabam, sai ga shi shugaba yana son jeri ɗaya na duk waɗanda suka amfana.

Harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, wato SQL, wanda aka ƙirƙiro a kamfanin IBM a shekarun 1970, ya tanadi kalmar UNION domin wannan aiki. Ana rubuta tambayar farko, a sa UNION, sannan a rubuta ta biyu. Sharaɗin shi ne yawan guraben da kowace tambaya ta nema ya zo daidai, kuma a jera su iri ɗaya: idan ta farko ta nemi suna da kuɗi, kada ta biyu ta fara da kuɗi.

Inda ya kamata mai koyo ya natsu shi ne batun maimaici. UNION tana zubar da duk layin da ya yi daidai da wani, UNION ALL kuwa tana barin komai yadda yake. Idan sunaye kawai ake so, UNION ta wadatar. Amma idan kuɗi za a tara, to, akwai haɗari, domin manomin da ya biya naira dubu biyar da damina ya sake biyan dubu biyar da rani zai bayyana sau ɗaya kacal, jimilla ta ragu, a fara zargin ma'aji ba da laifinsa ba. Saboda haka UNION ALL ce ta dace da lissafin kuɗi. Haka nan kwamfuta ba ta san cewa Muhammad da Muhammadu mutum ɗaya ne ba, don haka lambar rajista ta fi suna aminci.

Akwai kuma INTERSECT, mai fito da waɗanda ke cikin jadawalan biyu, da EXCEPT, mai fito da na farko waɗanda babu su a na biyu.

Aikin yi: rubuta sunaye biyar a takarda ɗaya, biyar a wata, biyu daga ciki su maimaitu, sannan ka ƙirga layukan da kowace kalma cikin huɗun za ta fitar.