Yadda Ake Motsa Jiki da Na'urar Tuƙin Kwale-kwale Ba Tare da An Ji Ciwo Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli sabon shiga a kan na'urar tuƙin kwale-kwale zai ga abu ɗaya yana ta maimaituwa: mutum ya zauna, ya tura ɗan hannun saiti da ke gefen fankar na'urar zuwa lamba 10, ya damƙe mariƙi, wato sandar da ake ja, da iya ƙarfinsa, sannan ya dinga fizga da hannu yana kai da komo kamar wanda aka biyo. Kafin minti biyar su cika sai a ga ya sauko yana haki, yana dafe da kwankwaso, ya riga ya yanke wa ransa cewa na'urar ba ta karɓe shi ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin kayan motsa jiki kaɗan ne ke sa ƙafafu da baya da ciki da hannuwa aiki a lokaci guda kamar wannan na'ura, kuma ba ta wahalar da gwiwa da idon sawu irin yadda gudu ke yi, tun da a zaune mutum yake, ƙafarsa ba ta dukan ƙasa. Tushen matsalar shi ne ana ɗaukar tuƙin a matsayin aikin hannu, alhali kuwa mafi yawan ƙarfinsa daga ƙafafu yake fitowa.

Na'urorin iri-iri ne. Akwai mai fanka wadda iska ke ba ta nauyi, akwai mai tankin ruwa, akwai kuma mai maganaɗisu wadda ba ta da ƙara sosai. Wadda aka fi gani a wuraren motsa jiki da sansanonin 'yan wasa ita ce mai fanka, musamman ta kamfanin Concept2 da ke jihar Vermont a Amurka, wanda ya fitar da ta farko a 1981, aka haɗa ta da ƙafar keke. A irin wannan, hannun da ke gefen fanka yana da lambobi daga 1 zuwa 10, kuma aikinsa kawai shi ne ƙayyade yawan iskar da ke shiga gidan fanka. Idan an kai shi 10, iska mai yawa ta shiga, fanka ta riƙa rage gudu da wuri, kowane ja ya zama kamar tuƙa babban jirgi mai lodi. Idan an sauko da shi, sai ya zama kamar siririn kwale-kwale mai sulɓi a kan ruwa. Wahalar aikin kuwa tana hannun mai tuƙi, domin gwargwadon ƙarfin da ya tura, gwargwadon turjiyar da fanka za ta yi masa. Saboda haka ka fara tsakanin 3 da 5. A nan ne ma ƙwararrun matuƙa da yawa suke yin atisayensu na yau da kullum.

Kafin ka fara, ka daidaita matakin ƙafa yadda madaurin zai ratsa ta wurin da ƙafarka ta fi faɗi, wato gindin yatsu, sannan ka ɗaure shi daidai, kada ya yi sako-sako. Ka zauna a kan ƙasusuwan mazaunanka, gadon baya a miƙe amma ba a sandare ba, kada ka bari ƙugu ya zame baya har bayanka ya lanƙwashe. Mariƙi kuma a riƙe shi da sassauci, yatsu su rataya a kansa kamar ƙugiya, wuyan hannu a shimfiɗe.

Yanzu sai tuƙin kansa, wanda shi ne ya cancanci a daɗe a kansa. Wurin farawa shi ne lokacin da ka matso gaba: gwiwoyi a lanƙwashe, ƙwauri a tsaye cak, hannuwa a miƙe, kafaɗu a sake, jiki ya ɗan sunkuya gaba daga ƙugu har kafaɗu su ɗan wuce saitin mazaunai. Daga nan ƙafafu ne za su fara aiki. Ka tura matakin da ƙafafunka kamar mai son ture bango, hannuwa na nan a miƙe tamkar igiya da ta haɗa jikinka da mariƙi, sunkuyon jiki bai canja ba. Sai ƙafafu sun kusa miƙewa sarai, sannan ka buɗe ƙugu, jiki ya koma baya kaɗan. A ƙarshe ne hannuwa za su ja mariƙi zuwa ƙasan haƙarƙari, gwiwar hannu ta wuce ta gefen jiki. Idan ka ɗauki jikinka a matsayin hannun agogo, kai da komonsa tsakanin ƙarfe 11 da ƙarfe 1 ne kawai, babu buƙatar kwanciya baya sosai.

Komawa gaba ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma a ganina ita ce ke bambanta wanda ya iya da wanda bai iya ba. Tsarin juyawa yake yi: hannuwa su fara miƙewa, jiki ya sunkuya gaba daga ƙugu, sai mariƙi ya wuce gwiwoyi sannan su lanƙwashe, kujera ta gangara a hankali. Alamar kuskure a nan a bayyane take. Idan ka ga kana ɗaga mariƙi sama don ya tsallake gwiwoyinka, sarƙar da ta haɗa mariƙi da fanka tana tsalle tana kaɗawa, to ka lanƙwasa gwiwa da wuri. A tuƙi mai kyau sarƙa tana tafiya a miƙe, ta fita ta koma a kan layi ɗaya. Lokacin komawa ya kamata ya kai kusan ninki biyu na lokacin turawa, wato ka ƙirga ɗaya wajen turawa, biyu da uku wajen dawowa, ka fitar da numfashi yayin da kake turawa, ka shaƙa yayin da kake dawowa.

Akwai wani kuskure da ya fi kowanne cutar da kwankwaso, shi ne kujera ta riga mariƙi tafiya. Mutum ya tura ƙafafu, mazaunansa su yi baya, amma mariƙi na nan inda yake, daga bisani sai bayansa ya ɗauki dukan nauyin shi kaɗai a sunkuye. Maganinsa shi ne ka ɗaure cikinka kafin ka tura, ka tabbatar kujera da mariƙi sun tashi tare. Hanya mai kyau ta koyon wannan ita ce ka yi minti biyu kana tuƙi da ƙafafu kaɗai, hannuwa a miƙe, sannan ka ƙara buɗe ƙugu, daga ƙarshe ka haɗa da hannuwa. Wannan atisaye da kansa ya isa ɗumama jiki, kuma yana da kyau a riƙa buɗe kowane zama da shi. Idan akwai madubi a gefe, ko wani ya ɗauke ka a bidiyo da waya, za ka ga abin da jikinka ba zai gaya maka ba.

Allon da ke gabanka yana nuna lambobi da yawa, amma biyu ne za ka sa wa ido. Ta farko ita ce yawan ja a minti ɗaya. Sabon shiga ya tsaya tsakanin 18 da 24, duk da cewa zai ji kamar ya yi jinkiri da yawa. Masu gasa ne ke haura 30. Ta biyu ita ce lokacin da za ka ɗauka kafin ka cinye mita 500, kuma ƙanƙantarta ita ce alamar sauri. Abin da ya kamata a sani shi ne ƙarfin da ake buƙata yana hauhawa fiye da yadda saurin ke ƙaruwa: wanda ke tafiya a kan 2:30, wato minti biyu da daƙiƙa 30, yana fitar da kusan wat 104 (wat ma'aunin ƙarfi ne), amma kafin ya sauko zuwa 2:00 sai ya fitar da wat 200 da 'yan kai, wato kusan ninki biyu saboda daƙiƙa 30 kacal. Don haka kada ka karaya idan lambar tana sauka a hankali. Ka gwada rage ta ba tare da ka ƙara yawan ja ba. Idan ta sauka, ƙafafunka sun fara aikinsu ke nan.

A makonni biyu na farko, minti 10 zuwa 15 sau uku a mako sun isa, da saurin da za ka iya yin magana ba tare da numfashinka ya sarƙe ba. Daga nan ka riƙa ƙara 'yan mintuna kowane mako har ka kai 20 ko 30. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar manya da su sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma zama biyar na minti 30 sun cika wannan adadi. Idan jiki ya saba, sau ɗaya a mako ka yi minti ɗaya da ƙarfi, minti ɗaya a hankali, har sau shida ko takwas. Gwajin mita 2000, wanda shi ne tsawon tseren tuƙi da aka saba yi a gasar Olamfik, ka jinkirta shi sai bayan wasu watanni, domin gajiya ce ke fara ɓata zaman baya. Da zarar ka ji bayanka ya fara lanƙwashewa, ka rage ƙarfi ko ka tsaya, ko da lokacin da ka ɗiba bai cika ba.

Tsamin cinya da na kafaɗa washegari ba abin damuwa ba ne, yana wucewa cikin kwana biyu ko uku. Amma ciwo mai suka a kwankwaso, ko wanda ke sauka zuwa ƙafa tare da sagewa, ko zafi a wuri ɗaya a haƙarƙari da ke ƙaruwa idan an ja numfashi, duk suna buƙatar a dakata a ga likita. Ciwon ƙirji, jiri ko ɗaukewar numfashi kuwa, a sauka nan take a nemi taimako. Mai ciwon zuciya, mai hawan jini da bai daidaita ba, mai tsohon ciwon baya, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan da mai juna biyu, su tuntuɓi likita tun kafin su hau.

Bororo a tafin hannu yakan fito a farkon lamari, galibi saboda damƙa mai tsanani, kuma yana raguwa idan an sassauta riƙo. Ka guji doguwar riga ko wando mai faɗi, domin tayoyin da ke ƙarƙashin kujera suna kama tufafi, kuma a nisanta yara ƙanana daga wurin saboda yatsunsu. Idan ka gama, kada ka saki mariƙi ya daki gidan fanka, ka mayar da shi mazauninsa da hannunka. Sannan ka goge ƙarfen da kujera ke gudu a kansa da tsumma, saboda gumi da ƙura suna taruwa su sa tayoyin su riƙa cijewa. Idan na'urar mai sarƙa ce kuma taka ce a gida, ka shafa wa sarƙar ɗan mai bayan kimanin awa 50 na aiki.