Kurakuran da aka fi yi wajen sanyaya ɗakin sabar a Zariya

Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauki rimot a danna esi zuwa digiri 16, wai sanyi ba ya yawa. Ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE da ke Amurka ta ba da shawarar iskar da ke shiga sabar, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai tana yi wa sauran kwamfutoci hidima, ta kasance tsakanin digiri 18 da 27. A saita 22 zuwa 24 ya wadatar, sauran asarar dizal ce kawai.

To a ina ake aunawa? A wani ofis a Sabon Gari na tarar da ma'aunin zafi rataye dab da esi yana nuna 19, alhali saman kantar sabobin in ka ɗora hannu kamar murfin tukunya. Ta gaba sabar take shaƙar iska, ta fitar da huci ta baya. Saboda haka a gaba ake sa ma'auni, sama da ƙasa. Kada bayan wata kanta ya kalli gaban wata, don kar ta riƙa shaƙar hucin 'yar'uwarta. Gurbin da babu na'ura kuma a toshe shi.

Danshi kuwa kusan ba mai waiwayarsa, ga shi garin nan namu shekara kashi-kashi ce. Da hunturu iska kan bushe har ka taɓa hannun ƙofa ka ji tsirr. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe allon cikin na'ura. A watan Agusta sai raɓa da tsatsa. A riƙe danshin tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100, da na'urar da aka yi don haka, ba bokitin ruwa a lungu ba. Matatar ƙurar esi ma, da hunturu duk mako a wanke ta.

Wasu kuma da faɗin ɗaki suke sayen esi, kamar na falo. Da wutar da na'urori ke ci ake lissafi: kowane kilowat 1 zafin BTU 3,412 ne a awa (BTU ma'aunin yawan zafi ne), esi mai doki ɗaya da rabi kuwa kusan 12,000 yake ɗauka. Sannan a sa biyu suna karɓa-karɓa, don zafin Afrilu ba ya jiran mai gyara.

Wanda ya fi ɓarna shi ne na ɗauke wuta. UPS, wato batirin da ke ba da wuta in an ɗauke, ya riƙe sabobi, esi ya mutu, kuma akwai esin da ko janareta ya tashi ba ya kunna kansa. Ran Asabar mai zuwa ka kashe wutar da hannunka, ka tsaya ka ga ko naka zai tashi.