Yadda ake farautar sabon sauti da sintesaiza mai wayoyin jone

Sintesaiza na'urar ƙirƙirar sauti ce da lantarki. Mai sassa, wadda masu harkar ke kira modula, ba ta zuwa da sauti ko ɗaya a cikinta. Akwati ce da aka jera ƙananan na'urori, kowace da aikinta, kuma ba za ta ce uffan ba sai ka ɗauki waya ka jona wannan da wancan. Robert Moog ya nuna tasa a Amurka a 1964, Don Buchla ma yana ƙera irin tasa a Kalifoniya a daidai wannan lokaci. Tsarin da ya fi yaɗuwa yau, Eurorack, ya fito ne daga hannun Dieter Doepfer na Jamus a tsakiyar shekarun 1990. Kayan suna da tsada, amma manhajar VCV Rack kyauta ce, kuma a kan kwamfuta za ta ba ka sassa iri ɗaya da wayoyinsu. Duk abin da zan faɗa yana aiki a kan kowanne.

Mataki na 1: Fara da fili, ka rage murya.
Cire duk wayoyin da ke jone. Sautin modula ya fi na rediyo ko waya ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka ka mai da muryar lasifika ƙasa tukuna, musamman idan a kunne ka saƙala abin saurare. Doka ɗaya ce: mafita tana zuwa mashiga, kada ka haɗa mafita biyu kai tsaye. Idan akwatin gaske ne, ka bar shi ya ɗumama na 'yan mintoci, domin sautinsa yakan zame kafin ya zauna.

Mataki na 2: Sauti ɗaya tak.
Nemo sashen da aka rubuta VCO a goshinsa, shi ne maƙogwaron na'urar. Jona mafitarsa zuwa VCF, wato matatar sauti, daga nan zuwa VCA, wadda ita ce ƙofar da ke buɗe murya ko rufe ta, sannan zuwa lasifika. Buɗe ƙofar kaɗan. Za ka ji ƙara mai tsayi ba yankewa, kamar janareta a nesa. Kada ka yi gaggawar barin wurin nan. Kama maɓallin matatar ka murɗa shi a hankali, daga rufe har buɗe, ka ji yadda sautin ke tashi daga gurnani a ƙirji zuwa tsini mai yanka kunne. Ni nakan yi minti goma a nan kaɗai, don sai kunne ya san sautin tsirara kafin ya gane abin da aka ƙara masa.

Mataki na 3: Ba shi numfashi.
Kawo ADSR, wanda ke tsara yadda sauti zai shigo da yadda zai mutu. Jona mafitarsa zuwa mashigar da ke sarrafa VCA, ka kuma ba shi bugu daga agogon na'urar, wato sashen da ke fitar da bugu a kai a kai. Idan ka gajarta shigowa da faɗuwa, za ka sami ƙwas kamar an daki ƙwarya. Idan ka tsawaita su, sai ya koma kamar busa.

A nan ne nake so ka gwada abin da ya sa na kamu da son wannan na'ura. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammatarsa, fata ta ɗaure, murya ta hau, ya saki ta sauko. Ana iya yin haka da lantarki. Zaɓi sauti mai santsi a VCO, ka saukar da shi ƙasa. Kawo ADSR na biyu, ka bi da shi ta maɓallin rage ƙarfi, sannan ka kai shi mashigar da ke juya tsayin muryar VCO. A wannan tsari bolt 1 yana ninka tsayin muryar sau biyu, daga 220 Hz (wato kaɗawa 220 a daƙiƙa ɗaya) ya koma 440, don haka kaɗan kake buƙata. Murɗa maɓallin ragewar daga sifili, a hankali, har ka ji kowane bugu yana lanƙwasa kamar zai yi magana. Da ka wuce wurin da ɗan kaɗan, sai ya zama kukan bindigar wasan yara. Tazarar da ke tsakanin biyun ba ta kai faɗin farce ba.

Mataki na 4: Ba na'urar wasu hannuwa.
Hannunka biyu ne, maɓallai kuwa sun yi yawa. LFO shi ne mataimakinka: yana kaɗawa a hankali, ƙasa da abin da kunne ke ji, wato ƙasa da 20 Hz. Jona shi a matatar, sai ta riƙa buɗewa tana rufewa da kanta. Idan kana son abin da ba ka zata ba, haɗa sashen hayaniya da S&H, wanda ke cafko ƙarfin lantarki a kowane bugun agogo ya riƙe shi. Kai sakamakon zuwa VCO, amma ka rage shi sosai, in ba haka ba sautin zai yi ta tsalle ba kai ba gindi.

Mataki na 5: Kiɗa mai saɓani.
Sikwensa sashe ne da ke bin gurabensa ɗaya bayan ɗaya a kowane bugun agogo. A kan mai gurbi 8, kunna gurbi na 1 da na 4 da na 7. Godfried Toussaint na Jami'ar McGill a Kanada ya nuna a 2005 cewa irin wannan rabon bugu da tazara kusan daidai shi ne ƙashin bayan kaɗe-kaɗe da dama na duniya, har da na Afirka ta Yamma. Yanzu kawo sikwensa ta biyu mai gurbi 5, ta riƙa juya matatar a kan agogo ɗaya. Sai bayan bugu 40 za su sake haɗuwa a mafari, kuma a tsakanin nan kullum akwai sabon abu.

Mataki na 6: Yi wasa, amma abu ɗaya a lokaci ɗaya.
Nan ne yawancin masu farawa ke ɓata. Suna murɗa uku tare, sauti ya yi daɗi, su rasa wanda ya kawo daɗin. Taɓa ɗaya, ka saurara har zagaye ya cika, sannan ka yanke shawarar bari ko komawa. Zare waya ma kiɗa ne: cire ta LFO na ɗan lokaci, ka mayar, ka ji yadda ɗakin ke sauyawa. Idan abu ya cuɗe, koma mataki na 2.

Mataki na 7: Naɗa tun kafin ka fara.
Akwatin modula ba ya ajiye sauti. Wani dare na sami wata murya mai rawa kamar goge yana kuka daga nesa, na ce bari in ƙara gyara ta kafin in naɗa. Gwiwar hannuna ta goga maɓalli ɗaya. Na kai har asuba ina nema, wayoyin suna nan yadda suke, muryar ba ta dawo ba. Tun daga ranar nake danna naɗi kafin in jona wayar farko, in kuma ɗauki hoton fuskar akwatin da wayar hannu kafin in tashi. A VCV Rack kuwa, ajiye fayil da sabon suna duk lokacin da ka ji abin da ya tsaya maka a rai, sannan ka ci gaba da murɗawa.