Kurakuran da Ke Sa Aikin Agaji Ya Bi Ma'aikaci Har Gida

Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, ƙungiyoyin agaji suka yawaita a Borno da Yobe da Adamawa, kuma yawancin ma'aikatansu 'yan ƙasa ne. Baƙon da ya zo daga waje yakan tashi aiki ya koma masaukinsa, amma ɗan gari unguwar da ya yi rajistar mutanenta da rana ita yake komawa da yamma. Shi ya sa raba aiki da rayuwar gida ya fi yi masa wuya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne bayar da lambar waya ta kai. Dattijuwa a sansanin 'yan gudun hijira za ta ce, “Ɗana, ba ni lambarka,” kunya ta hana shi musawa, kafin mako ya zagayo lambar ta karaɗe sansanin, ana kiran sa tun bayan asuba har tsakar dare. Abin da ba a cika lura da shi ba, mai kiran ma yana cutuwa, domin ƙorafin da aka faɗa wa mutum yana cin tuwo a gidansa ba ya shiga kowane kundi, kuma ba mai bibiyarsa. Gyaran shi ne a riƙe layin aiki daban, a kashe shi idan an tashi, a kuma amsa cikin ladabi: “Inna, ga lambar ofis, can ne ake rubuta magana a bi ta.” Haka nan kada a ajiye jerin sunaye da hotunan mabuƙata a wayar da yara ke wasa da ita, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa ƙungiya nauyin tsare irin waɗannan bayanai.

Batun dangi ya fi wannan nauyi. Da zarar an ji za a yi rabon abinci ko kuɗi, sai kawu ya aiko, surukai su yi sallama, maƙwabci ya tuna da tsohon zumunci. Wasu kan saka suna ɗaya don ganin ido, wasu kuma su yi fatali da ɗan'uwan da ya cancanta don gudun zargi, kuma duka biyun zalunci ne. A ganina mafita ɗaya ce: ma'aikaci ya sanar da shugabansa a rubuce cewa yana da dangi a wannan yanki, a cire hannunsa daga tantancewar, a ba wani. Daga nan yana iya duban kawunsa ya ce ba shi ke da wuƙa da nama ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Taimako daga albashi ba laifi ba ne, sai dai kada a miƙa shi a wurin aiki, don gobe za a ɗauka haƙƙi ne daga ƙungiya.

Sai ƙin zuwa hutu da sunan aikin lada. Kwantiragi gajere ne, kuma tun da Amurka ta zaftare tallafinta a 2025 mutane ke tsoron a ga kamar ana iya aiki ba su. Amma binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya nuna cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun aƙalla ranakun aiki 6 bayan wata 12, kuma ƙungiyoyi da dama suna ba da fiye da haka. A tsayar da ranar hutu tun farkon shekara, a rubuta takardar miƙa aiki mai bayyana wanda zai riƙe kowane sashe. Shugaba kuwa, idan ba gobara ko hari ko ambaliya ba ce, ya bar saƙon WhatsApp na bayan isha'i sai da safe.