Darasi na Tara: Gona a Cikin Teku

A wannan darasi za mu koyi wani noma da ba ya buƙatar fili, ba ya jiran damina, ba a kuma sa masa taki. Shi ne noman ciyawar teku. Ku karanta kowane sashe sau biyu, sannan ku tattauna da malami kafin ku wuce gaba.

Mece ce ciyawar teku?

Ciyawar teku 'yar'uwar gansakuka ce, sai dai ita a ruwan gishiri take rayuwa. Ba ta da saiwa, ba ta yin fure. Da dukan jikinta take shan abinci daga ruwa, hasken rana kuma ya sa ta girma. Akwai ja, akwai kore, akwai mai ruwan ƙasa. Mutanen Sin da Japan da Koriya sun daɗe suna cin ta. Wanda bai taɓa ganin teku ba ma, da wuya a ce bai taɓa amfani da ita ba, domin daga jikin jar ciyawar ake tatso karajinan, sinadarin da ke sa man goge baki da askirim su yi kauri.

Alƙaluman hukumar abinci da noma (FAO) ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a shekarar 2019 an samar da kimanin tan miliyan 35 na ɗanyar ciyawar teku a duniya, kuma kusan duka nomawa aka yi, ba tsinta ba. Sin kaɗai ta noma fiye da rabi. Indunisiya ce ta biyu, sai Koriya ta Kudu da Filifin.

Yadda ake noman

Bari mu duba tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, inda aka fara wannan noma don kasuwa a 1989 da irin da aka kawo daga Filifin. Yawancin manoman mata ne. A ƙauyuka irin su Paje da Jambiani, idan ruwan teku ya janye, mace za ta shiga har zuwa gwiwa, ta kafa turaku biyu, ta ɗaura igiya tsakaninsu, sannan ta ɗaɗɗaure ƙananan rassan ciyawa a jikin igiyar. Bayan kamar kwana 45 kowane reshe ya zama dunƙule. Sai ta girbe, ta ware na iri, ta shanya sauran a rana. Kilo 8 zuwa 10 na ɗanya ne ke ba da kilo ɗaya busasshe. A ƙasashen da ruwansu ke da sanyi kuwa, ana shimfiɗa dogayen igiyoyi ne a ruwa mai zurfi, a riƙa kai-komo da jirgi.

Amfanin da muhalli ke samu

Na farko shi ne abubuwan da wannan noma ba ya taɓawa. Ba a sare daji don a yi gona, ba a janyo ruwan kogi, ba a fesa maganin ƙwari. A duniyar da ruwan sha da ƙasar noma ke ƙara wahalar samu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu, ciyawar tana tace ruwa. Takin zamani da ruwan sama ke kwasowa daga gonaki, da dagwalon garuruwa, duk a teku suke ƙarewa. Suna ɗauke da naitirojin da fosfaras. Idan waɗannan suka yi yawa, ruwa ya kan lalace, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu, kifi ya mutu. Ciyawar teku na shanye su ta girma da su, ranar girbi kuma a fitar da su daga ruwa gaba ɗaya. A mashigin Sanggou na lardin Shandong a Sin, ana noma ciyawar ne kusa da kifi da halittu masu ɓawo, yadda kashin da wani ya fitar zai zama abincin wani. Bayan haka, ƙananan kifaye da jatan lande na samun mafaka a tsakanin igiyoyin. Iyalin da ke samun kuɗi daga ciyawa kuma ba dole ne su matsa wa kifi da kamu ba.

Akwai wata jar ciyawa mai suna Asparagopsis da masana suka gwada a abincin shanu. A wani gwaji da Jami'ar Kaliforniya da ke Davis ta wallafa a 2021, ɗan kaɗan da aka zuba ya rage iskar metan da shanun ke gyatsawa da kusan kashi 80 cikin 100. Metan na cikin iskokin da ke ɗumama duniya. Amma a lura, shanun turke ne aka gwada, waɗanda ake auna wa abinci kullum. Ba haka abin yake da sauƙi ga shanun da ke kiwo a daji ba.

Ga wata magana da ya kamata ku yi hattara da ita. Za ku ji ana cewa noman ciyawar teku zai magance ɗumamar yanayi, saboda tana zuƙe iskar kabon. Gaskiya ne tana zuƙewa, kuma da sauri. To amma da zarar an ci ta, ko ta ruɓe a bakin ruwa, yawancin iskar na komawa inda ta fito. Itace na riƙe kabon shekaru masu yawa, ita kuwa ciyawar makonni ko watanni ne kawai. Duk wanda ya zo wa manoma da alkawarin kuɗi mai yawa a kan kabon da ciyawarsu ke zuƙewa, ya dace a yi masa tambayoyi sosai kafin a sa hannu a takarda.

Inda haɗarin yake

Babban bambancin gonar tudu da gonar teku shi ne, ita ta teku ba ta da shinge. Reshe ɗaya ya tsinke daga igiya, igiyar ruwa ta tafi da shi, duk inda ya sauka zai iya kamawa ya ci gaba da girma. Idan irin na wurin ne, babu matsala. Idan baƙo ne, wani lokaci ba ya samun abin da zai ci shi, sai ya mamaye komai.

Haka ta faru a mashigin Kaneohe na tsibiran Hawai a Amurka. A shekarun 1970 an kai irin jar ciyawa wurin don gwaji. Ta tsere, ta lulluɓe duwatsun murjani. Shi murjani halitta ce mai rai da ke buƙatar haske, kuma a jikinsa ɗimbin kifaye ke hayayyafa. Da ciyawa ta rufe shi sai ya mutu. Bayan shekaru da dama sai da aka kawo injin zuƙa ana tsotse ciyawar daga ƙarƙashin ruwa, aka kuma saki dubban bushiyoyin teku, wasu ƙananan halittun ruwa masu ƙaya a jiki, don su cinye saura. A kudancin Indiya ma, irin wannan ciyawa da aka kawo don noma a jihar Tamil Nadu ta hau murjanin tsibirin Kurusadai, a mashigin Mannar, wurin da gwamnati ta keɓe don kare halittun ruwa. Kai baƙon iri aikin rana ɗaya ne, fitar da shi kuwa har yau ba a gama ba a wurare da yawa. Wannan shi ne haɗarin da ya fi damuna, domin sauran ana iya gyara su idan an farga.

Sai batun wurin da aka kafa gona. A ruwa marar zurfi akwai wasu ciyayi na daban, masu saiwa, da ke shimfiɗe a ƙasan teku. Su ke riƙe yashi, su ne kuma makiyayar kunkurun teku da ƙananan kifaye. Wasu manoma kan tumɓuke su don gona ta yi fes, ko su tattake su da yawan zirga-zirga, ko inuwar igiyoyi ta kashe su. Turakun ma sau da yawa daga itatuwan da ke tsirowa a bakin teku ake saro su, alhali waɗannan itatuwa su ke tare zaizayar gaɓa. Igiyoyin leda da robobin da ake ɗaurawa don gona ta yi iyo, idan sun tsufa sai su gutsuttsure su shiga cikin kifi.

Yawa ma na iya zama masifa. A watan Yuni na 2008, ana saura 'yan makonni a fara tseren jiragen ruwa na wasannin Olamfik, wata koriyar ciyawa ta rufe gaɓar birnin Qingdao na Sin. Mutane fiye da 10,000 suka fito kwasa, aka kwashe kimanin tan miliyan ɗaya. Bincike ya gano tushenta a manyan gonakin ciyawa na gaɓar lardin Jiangsu. Koriyar ba ita ake nomawa ba, tana maƙalewa ne a jikin kayan gona, manoma su kankare ta su zubar a ruwa. Ta tarar da ruwa cike da taki, ta yaɗu.

Shi kansa noman yana cikin haɗari. Da yake reshe ake yanka a sake dasawa shekara da shekaru, gonaki da yawa iri ɗaya tak suke ɗauke da shi, cuta ɗaya na iya share su duka. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, ciyawar kan yi fari, ta yi laushi, ta karye. A Zanzibar wannan ya fi kama kotoni, irin da ya fi tsada, har mata da yawa suka koma noman sifinosam mai araha. Dakta Flower Msuya, masaniya 'yar Tanzaniya, ta daɗe tana koya wa matan yadda za su kai gonakinsu ruwa mai zurfi inda ya fi sanyi, da yadda za su sarrafa ciyawar ta zama sabulu da gari. Sai dai zurfi na buƙatar kwale-kwale da iya iyo, mata da yawa kuma ba su da ko ɗaya.

Mai ci ma ya kula. Ciyawar da ke shanye taki ita ce ke shanye dalma da sauran guba idan ruwan ya gurɓace. Wadda aka noma don tace ƙazamin ruwa ba ta ci ba ce. Wasu nau'o'in na da aidin mai yawan gaske, kuma yawansa na iya taɓa maƙoshi kamar yadda ƙarancinsa ke kawo maƙoƙo. A 2004 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta gargaɗi jama'a su daina cin nau'in hijiki saboda gubar asanik da ke cikinsa.

Kafin a kafa turke

Ƙungiyar da ke son fara wannan noma ta fara da tambayar asalin irin: na yankin ne ko baƙo, kuma hukumar kula da kamun kifi ta amince da shi? A zaɓi wuri mai farin yashi, nesa da murjani da ciyayi masu saiwa, nesa kuma da bakin magudanar gari ko masana'anta. A zauna da masunta a bar musu hanyar wucewa. A fara da igiyoyi kaɗan a ga yadda ruwan zai karɓa. Tsohuwar igiya da duk abin da aka kankare a fito da su tudu. Reshen da ya fara fari a cire shi nan take, kada a yi iri da shi. Shanya kuma a kan gado ko tabarma, domin mai saye na rage kuɗin wadda ta sha yashi.

Aiki

1. Wata manomiya tana da igiya 40. A misali kowace igiya ta ba ta kilo 12 na ɗanyar ciyawa. Kilo nawa ta girbe? Idan ta ware kilo 80 na iri, ta shanya sauran, kuma kowane kilo 10 ya koma kilo 1, kilo nawa za ta kai kasuwa?

2. Cike gurbi: Ciyawar teku ba ta da ________. Ana girbe ta bayan kamar kwana ________.

3. Ku rabu gida biyu. Wani kamfani ya kawo iri daga wata ƙasa, ya ce yana girma ninki biyu. Gida ɗaya su faɗi dalilan karɓa, ɗayan su faɗi dalilan jinkirtawa. Kowa ya rubuta jimla uku a kan tambayoyin da zai yi wa kamfanin, ya karanta wa aji a zama na gaba.