Yadda Ake Ɗora Ƙaramar Rizista A Kan Allon Lantarki A Gida

Ka tanadi ƙarfen narka dalma mai siririn baki, da dalma, da man fulaks mai sa dalma ta kama sosai, da hantsaki. Idan ka shiga Sabon Gari, tambayi masu kayan gyaran waya. Rizista ita ce 'yar abar da ke rage yawan wutar da ke bi ta allon. Fara da mai lambar girma 0805, tsawonta milimita 2 kacal, ƙwayar shinkafa ma ta fi ta.

Da farko goge wurin da rizistar za ta zauna a kan allon da sifirit, musamman lokacin hunturu da ƙurar Zariya ke shiga ko'ina. Shafa fulaks kaɗan.

Sai ka kunna ƙarfen ya kai wajen digiri 330 a ma'aunin Celsius. Dalma mai 63/37, wato kashi 63 kuza da kashi 37 zallar dalma, tana narkewa ne a digiri 183, zafin da ya wuce kima kuwa yakan ɗago jan ƙarfen allon.

Nan ne gizo ke saƙa: ɗiga dalma a gefe ɗaya kawai na mazaunin rizistar a kan allon. Ɗauki rizistar da hantsaki, sake narkar da wannan ɗigon, ka tura bakinta ciki, ka janye ƙarfen, amma hannunka ya tsaya cak har dalmar ta daskare. Ni ranar da na fara, numfashina ne ya hure ta ƙasa, na yi ta lalube a tabarma har aka kira Magariba. Tun daga nan nake aiki cikin faranti.

Idan ta zauna daidai, sa wa ɗaya gefen dalma, daƙiƙa biyu ta isa. Buɗe taga saboda hayaƙi.

Gwada da mitar masu gyaran waya, sannan ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci.